Facin Kafaɗar Laraba

Shekara talatin da ɗaya na yi a ɗakin tiyata, kuma ranaku da yawa sun shige sun ɓace mini, amma ranar da muka sallami Laraba daga asibiti tana nan daram a raina. Ba wani tashin hankali aka yi a ranar ba. Kowa dariya yake yi, ni ne ma na fi kowa.

A lokacin ina sitaf nas a wani ƙaramin asibiti a gefen Kafanchan, wato na gama makaranta na karɓi takarda, amma ban kai matsayin da za a bar mini ɗaki in riƙe ba. Aikina in dafa kayan tiyata, in jera su, in tsaya gefen likita ina miƙa masa abin da yake so, wani lokaci in riƙe masa rauni a buɗe. Ni ne kuma tafintansa. Likitan namu wani dattijon Bature ne da ya daɗe yana aiki a kudu kafin a kawo mana shi. Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba, sai kuma "sannu-sannu". Ko almakashi ka miƙa masa da gaggawa sai ya ɗago kai ya ce, "Sannu-sannu, Isiyaku." Shi ya sa muka laƙaba masa Baba Sannu-sannu. Ya san da sunan, bai kuma damu ba.

Laraba ta zo mana ne wajen ƙarshen 1972, shekarar da motoci suka koma bin hannun dama. Za ta yi shekara arba'in, gajera ce mai ƙarfin jiki. 'Yar Gbagyi ce, waɗanda a wancan lokaci kowa ke ce wa Gwari. Mijinta leburan layin dogo ne, aiki ya kawo su daga wajen Kaduna, ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku a wata 'yar unguwa kan hanyar Godogodo, inda gidajen 'yan uwansu biyar ko shida suke. Da itace da doya take ciyar da yaran. Ta ɗauko ta kawo kasuwa, ta sayar, ta koma da hatsi. Ranar da ba ta ɗauki kaya ba, ba a ɗora tukunya a gidan.

Na tambaye ta abin da ya kawo ta, ta ce, "Malam, hannu na ya mutu. Tun damina na zame a rafi da kaya, na ji abu ya tsinke a kafaɗa. Mai ɗori ya ɗaure, ya ce ƙashi bai karye ba. To ƙashi bai karye ba, amma hannu ya ƙi tashi."

Na rubuta: ta faɗi da kaya. Ban tambaye ta inda kayan yake a jikinta ba. Likita ma bai tambaya ba.

Ya kama hannunta na dama ya ɗaga shi gefe har ya yi daidai da kafaɗa, ya ce ta riƙe shi a nan, ya saki. Hannun ya faɗo kamar na wanda barci ya kwashe. Hoton ƙashi ya nuna mai ɗori ya yi gaskiya, ƙashi lafiya lau. Ga wanda ba ɗan aiki ba, bari in yi bayani. Kan ƙashin hannu yana zaune ne a wani ɗan gurbi marar zurfi, kuma jijiyoyi huɗu masu faɗi ne suka rungume shi kamar hula, su suke danne shi a gurbinsa lokacin da mutum zai ɗaga hannu. Ta sama a cikinsu ce ta tsinke wa Laraba daga jikin ƙashi. Da ta zo a makon da abin ya faru, da jawo ta kawai za a yi a ɗinke. Amma wata huɗu sun wuce, jijiyar ta ja da baya ta ƙanƙance.

Likita ya ce in gaya mata sai an yi faci. Akwai wani farin tantani mai ƙarfi da ya lulluɓe naman cinya ta gefen waje, irin wanda ke ba mahauta wahalar yanka. Daga nan zai ciro yanki ya cike giɓin da ke kafaɗa.

Ta dafa cinyarta. "Za a cire naman ƙafa a sa a hannu? To ƙafa fa? Da me zan taka zuwa kasuwa?"

Na ce, "Mama, ba nama ba ne, rigar naman ce. Ƙafa za ta warke ta ci gaba da aikinta."

"Idan an yi, zan ɗauki kaya?"

Na juya wa likita tambayar. Ya ce, "Za ta ɗauka, in ta bi doka."

Ta ce, "Doka kam ina bi. A yi."

Da safe muka yi aikin, bayan an shaƙa mata maganin barci. Ban taɓa ganin irinsa ba kafin ranar, kuma a duk shekaruna sau uku kawai na sake gani, don haka na riƙe kowane mataki. Muka kishingiɗar da ita kamar mai zaune a kujerar hutawa, muka sa jakar yashi a bayan kafaɗar don ta taso. Hannun kuma muka naɗe shi daban ba tare da jiki ba, yadda za a iya juya shi yadda ake so. Da ya zo raba babban naman da ya rufe kafaɗa, sai ya ɗora yatsunsa uku daga bakin ƙashin sama ya auna, ya sa ɗinki guda a nan. Ya ce, "Isiyaku, daga nan ba a wucewa. Akwai jijiyar da ke ba naman nan rai a ƙasa kaɗan. Wanda ya yanke ta ya gyara hula ya kashe kai."

Da muka isa wurin, kan ƙashin na nan fari tas, tsirara, babu abin da ya rufe shi. Ya ɗauki kusan rabin awa yana lallaɓa jijiyar da yatsa, yana raba ta da abin da ya manne mata, har ta ɗan biyo shi. Ta biyo, amma ba ta kai ba. Saura kamar faɗin yatsu biyu. Ni da ƙuruciya ke ɗibata na ce, "Ranka ya daɗe, in na ɗaga hannun sama ai za ta kai, sai ka ɗinke."

Ya ce, "Za ta kai. Ranar da ta sauke hannu kuma fa? Ɗinkin da aka yi da ja, tun a kan teburin nan ya fara tsinkewa."

Sai ya datse bakin jijiyar kaɗan-kaɗan har ya kai inda take fitar da jini, domin matacce ba ya kama faci. Ya sassaƙa ɗan kwari a jikin ƙashi inda jijiyar take a da, ya huda ramuka da basilla. Sannan muka koma cinya. Ya ciro tantanin ya fi giɓin girma sosai, ya ninka shi biyu, ya miƙo mini ya ce in naɗe a ƙyallen da aka jiƙa da ruwan gishiri, kada in bari ya sha iska ko na minti ɗaya. Da zai ɗora, ya duba yadda zaren tantanin ya kwanta, ya daidaita shi da inda jijiyar ke ja, yadda tela mai hankali ke duba tsawon yadi kafin ya yanka. Ya ɗinke gefe ɗaya a jijiya, ya cusa ɗaya gefen cikin kwarin, ya ɗaure ta ramukan. Daga nan ya ce in sauke hannun a hankali har ya taɓa haƙarƙari, in juya shi ciki da waje, shi kuma yana kallon ɗinkin. Babu zaren da ya yi kuka. Sai a lokacin na ga ya yi murmushi ta bayan ƙyallen fuska.

Kafintan asibiti ya riga ya ƙera mana wani katako da ke ɗaurewa a ƙugu ya tallafi hannu a gefe, nesa da jiki. Ma'aikata suka sa masa suna jirgin sama. Mako shida Laraba ta yi a cikinsa, tana kwana da shi tana tashi da shi. Matan ɗakin suna tsokanarta, "Laraba, yaushe za ki tashi ki kai mu Kaduna?" Ita kuma ta ce, "Fiffike ɗaya ne, ku jira a sa mini na biyu." Ban taɓa jin ta yi ƙorafi ba. Abin da aka ce ta yi shi take yi, ba ƙari ba ragi. Da aka cire katakon aka ce ta sunkuya ta riƙa lilo da hannu sau ashirin, ba ta yin sha tara, ba ta yin ashirin da ɗaya. Likita yana nuna ta ga sauran marasa lafiya, yana cewa da kowa irinta ne da bai yi furfura ba.

Ranar sallama ya zauna a bakin gadonta ya jero dokoki, ina fassarawa. Ta ci gaba da lilo. Kada ta yi daka. Kada ta yi noma. Sai ya zo kan babbar doka, wadda yake faɗa wa kowace mace tun yana kudu, domin ɗora kaya a kai sai an ɗaga hannu biyu sama. Ya ce, wata uku ba ɗaukar kaya a kai. Na faɗa mata kamar yadda ya faɗa, ban rage ban ƙara ba. A lokacin ina alfahari da cewa ni tafinta ne da ba ya sa bakinsa a maganar likita.

Laraba ta dube ni, ta dubi likita, sai ta fashe da dariya. "A kai? Ni? Malam, tun da uwa na ya haife ni ban taɓa sa kaya a kai ba. Wannan doka ba wahala."

Na juya wa likita cewa ta yi alkawari. Ya tafa mata. Muka yi ta dariya, na raka ta har bakin ƙofa.

Kwana huɗu bayan haka ina hutu, na je kasuwa na zauna a bakin tiredar mahaifina. Mu 'yan cikin gari ne, a kasuwar nan na girma. Hantsi ya ɗaga sai ga matan unguwarsu Laraba sun shigo a jere da itace, kamar yadda na saba ganinsu tun ina yaro. Kowace ta ɗora kayanta a ƙwarya, ƙwaryar tana zaune a bayan kafaɗa kusa da wuya, ta ɗan sunkuya, hannu ɗaya a sama yana riƙe da kayan. Kai kuwa babu komai a kansa. Sau dubu na ga wannan. Muna yara har tsokanarsu muke yi a kai. Amma ranar ce na gan shi da idon ɗan asibiti.

Na tari ta gaba, wata dattijuwa mai suna Saratu, wadda ita ce shugabar zumuntar mata a cocinsu. Na ce, "Mama, ina Laraba?"

"Yana baya. Ba ya sauri yanzu, ka san bai daɗe da fita asibiti ba."

"Da kaya?"

Ta dube ni kamar na tambaye ta ko rana tana fitowa daga gabas. "To zai zo kasuwa hannu wofi?"

Ban ko yi wa mahaifina sallama ba, na ɗauki kekensa. Bayan wata gada na sami Laraba. Tana tafe a hankali, gumi ya jiƙa ta sharkaf. Itacen yana kan kafaɗar dama, kan facin da muka yi awa uku muna ɗinkawa. Da yake hannun daman bai iya kaiwa sama ya riƙe ba, sai ta zagayo da na hagu ta gaban wuya ta kama igiyar. Ta gan ni ta washe baki.

"Malam, sannu! Ka gani, ina bin doka."

Na jefar da keken na ce, "Mama, tsaya haka, kada ki motsa." Na shiga ƙarƙashin kayan na ɗauke mata. Nauyin ya kusa kai ni ƙasa, ni da nake saurayi. Na tambaye ta tun yaushe. Ta ce shekaranjiya ta fara da ruwa, jiya ruwa da 'yar doya, yau ne ta gwada itace.

"Ba ya miki ciwo?"

"Yana yi sosai. Amma ka ce a kai ne ba a so."

Sai ta lura da fuskata, dariyar ta ɗauke. Ta ce, "Malam, na yi laifi?"

Wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na ce, "Ba ki yi laifi ba, Mama. Ni na yi." Na cire rigata ta sama na rataye mata hannun a wuya, na ɗaure itacen a keke, muka taka da ƙafa har asibiti. A hanya ta ce, "Idan ya tsinke, za a cire na ɗaya cinya?"

Da na yi wa likita bayani, fuskarsa ta yi ja har kunne. Na zaci ni zai hau da faɗa. Sai ya ce a kawo kwano babba marar komai a ciki, ya miƙa wa Mama Saratu, wadda ta biyo mu, ya ce ta nuna masa yadda suke ɗauka. Ta ɗora ta zagaya ɗakin. Ya bi ta a baya yana kallon inda kwanon ya zauna da yadda hannun ya ɗaga ya karkata baya. Can ya ce, "Haka hannunta yake lokacin da ta faɗi. Shi ya sa ta tsinke a inda ta tsinke. Isiyaku, wannan ita ce tambayar da ya kamata in yi kafin in taɓa wuƙa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, kai baƙo ne. Ni a nan aka haife ni."

Bai ce mini a'a ba, kuma har yau ina girmama shi saboda haka.

Kafaɗar ta kumbura, ta yi zafi. Ya ɗaga hannun gefe kamar ranar farko, ya ce ta riƙe, ya saki a hankali. Hannun ya yi rawa, ya ɗan sauko, sai ya tsaya. Laraba ta cije leɓe, hawaye na zuba, amma ya tsaya. Likita ya ce bakin gaba ya saki, sauran facin yana nan a jikin ƙashi. Da an ɗinke shi da ja, ko da ba a ninka shi biyu ba, da tun ranar ruwa ya tafi. Aka mayar da ita jirgin sama na wasu makonni huɗu.

Kafin a sake sallamarta ya ce in gaya mata gaskiya: wannan kafaɗar ba za ta sake ɗaukar itace ba. Amma akwai dabara. Ta koyi ɗauka a kai, wata ta ɗora mata, ta riƙe da hannun hagu.

Ta girgiza kai. "Likita, kai shi ne ya ɗauki mutum gaba ɗaya. Tunani yana nan, ido yana nan, sunan Allah da nake kira yana nan. Ya riga ya ɗauki kayan shi. Ba a ƙara mashi itace."

Wannan karon ban tsaya a fassara kawai ba. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, ba taurin kai ba ne. Ko za ta mutu da yunwa ba za ta yi ba. Mu nemi wata hanya." Ya ce to, hagu fa? Hagu lafiyarta ƙalau, sai dai a jira wata uku, domin ko a hagu ne, nauyi yana jan wuya da baya gaba ɗaya.

Ni na kai saƙon unguwarsu da kaina. Na tara matan a gindin mangwaro, na ɗauki ƙwarya na ɗora a kafaɗata ta dama na ce wannan babu, har abada. Na mayar hagu na ce wannan sai bayan wata uku. Ƙwaryar ta zame ta faɗi sau biyu, suka yi ta sheƙa dariya, wata ta ce, "Malam, matarka zai sha wahala." Da dariyar ta lafa Mama Saratu ta yi musu magana da harshensu, ta juyo ta ce mini, "Mun ji. Kowa zai ƙara kaɗan a kan nashi. Yaran Laraba ba za su kwana da yunwa ba." Haka kuwa suka yi. Na riƙa ganinsu a kasuwa, kayan kowace ya ɗan fi na da tsayi.

Hannun ya warke, amma bai wuce tsayin kunne ba. Tana cin abinci da shi, tana wanka, tana ɗaura ɗankwali in ta sunkuyar da kai. Likita ya ce mai yiwuwa ko ba a yi kuskuren ba iyakarsa ke nan. Ya faɗa ne don ya sanyaya mini rai, ni kuwa ban taɓa yarda ba. A lissafina, abin da ke tsakanin kunnen Laraba da saman kanta ni na cinye mata shi.

Daga ranar Baba Sannu-sannu bai sake yi wa kowa aikin hannu ko ƙafa ba sai ya ce, "Nuna mini aikinka." Manomi ya kama sanda ya yi noma a tsakar ɗaki, mai zuba gawayi a jirgin ƙasa ya yi ta kwasar iska kamar da shebur, muna tsaye muna kallo. Ni ma da na zama babba haka na koya wa na ƙasa da ni, kuma shi nake gaya muku yanzu, ku masu tasowa a wannan aiki. Ku iya ɗinki, ku iya faci, ku san inda ba a wucewa da wuƙa. Amma ku fi jin tsoron marar lafiya mai biyayya a kan mai gardama. Mai gardama zai tambaye ka dalili, a nan za ka gane kuskurenka. Mai biyayya zai ɗauki maganarka yadda ka ba shi, ya tafi da ita gida. Kuma duk wanda ya amsa maka doka mai wuya da dariya, kada ka taya shi dariyar, zauna ka tambaye shi abin da ya ji.

Bayan kamar shekara na sake ganinta a kasuwa. Ita ce ta ƙarshe a jerin, tana tafe a karkace kamar yarinyar da ta fara koyo, itacen a kafaɗar hagu. Ta hango ni a bakin tireda ta tsaya. Ta ɗaga hannun dama a hankali, ya hau, ya hau, ya tsaya daidai kunne, ta kaɗa mini shi daga nan.

"Malam Isiyaku!" ta ƙwala, duk layin yana ji. "Ka gani? Har yanzu ba a kai ba!"

Mutane suka yi dariya. Ni ma na ɗaga mata hannu, sai na ga nawa ma bai wuce kunne ba. Kunya ce ta hana shi.